Farar Ƙasa a Gindin Maɗatai

A Sabon Gari, in ka ce kana neman Elias Dogo, sai a tambaye ka wane ne kuma haka. Amma ka ce Baba Gatari, ko mai tallan lemo za ta nuna maka hanya da baki, ta ƙara maka da bayani kyauta: ai shi ne tsohon da ya sare mana itatuwan layi. Mutumin nan kuwa shekara talatin da biyar ya yi yana dashe, gatarin da ya taɓa kwana a gidansa na faskaren matarsa ne. Haka Zariya ke raɗa suna, ba ta yanka rago, ba ta kuma shawara da uban yaro.

Daga wani ƙauye na kudancin Kaduna ya zo Samaru yana saurayi, da wando ɗaya da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya riga shi gajiya. Ya samu leburanci a gandun da ake renon itatuwa. Aikin ba na a zo a gani ba ne: cika gwangwani da ƙasa, saka iri, ban ruwa safe da yamma, zagin awaki. Abokan aikinsa suka yi ta zamewa, wannan ya koma masinja, wancan direba. Shi ko ya zauna daram. Matarsa Sarah takan ce da itace ya iya tuƙa tuwo, da Elias bai taɓa taka ƙofar gidan ubanta ba.

Shekara guda bayan yaƙin basasa, lokacin da mutanen kudu ke dawowa suna sake buɗe shagunansu, motar ofis ta sauke shi da 'ya'yan maɗaci hamsin da biyu a wani layi da ke bayan kasuwar Sabon Gari. Layin a lokacin fili ne fetal, rana na dukan mutum kamar ya zagi uwarta. Elias ya riga ya san itacen gwamnati maraya ne, ranar dashensa kaɗai yake da dangi. Don haka duk wanda ya dasa sai ya kewaye shi da ƙaya, ya kira mai shagon da ke kusa ya ce, “Wannan naka ne. Ruwan wanke hannunka ya ishe shi. In ya mutu, kai zan zo yi wa ta'aziyya.” Wasu suka yi dariya suka zuba ruwan, wasu suka yi dariya kawai. Arba'in da ɗaya suka rayu.

Suka girma, suka haɗa kai a sama, har aka manta sunan da layin yake da shi a takarda, kowa sai Layin Maɗatai. Teloli suka fito da kekunansu waje, masu ƙosai suka kafa murhu, daga baya 'yan acaɓa da 'yan matan da ke sayar da katin waya suka zo suka tarar da inuwa kamar daga sama aka saukar da ita. Ba wanda ya tambayi wa ya dasa. Elias bai damu ba. Kowace Asabar yakan hau kekensa daga gidansa da ke Bomo, ya bi ta Palladan, ya ratsa PZ, ya zo duba su, ko bayan ya yi ritaya bai fasa ba.

Duban nasa da sanda ne, wata baƙar sandar kanya da hannu ya goge har tana ƙyalli. Zai kara kunne a jikin itace ya buga sau uku. Lafiyayye yakan amsa can ƙasa, dim, kamar ka bugi buhun dawa. Wanda gara ta cinye cikinsa kuwa sai ka ji kwam-kwam, kamar tulun da ba ruwa. Masu sassaƙar ɓawo don maganin zazzaɓi sun sha faɗansa. “A tsaye ake yanka, gefe ɗaya! Ka zagaye shi ka yanke masa maƙogwaro!” Sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe ciwon. Masu ƙona shara a gindin itace kuwa, da su da shi sai kallon banza.

Abokin hirarsa a layin shi ne Akinola kafinta, haifaffen Sabon Gari, wanda ya gaji bencin aiki da maɗaci guda daga wurin ubansa. Hausa a bakinsa kamar a Tudun Wada aka yanke masa cibiya.

“Baba, likitan itace! Yaya marasa lafiyarka?”

“Da sauƙi, tunda ba ka je dubiya ba.”

“Wannan nawa dai, ranar da ya cika ni zan yi masa sutura. Gado uku da kabad.”

“Kai duk itacen da ka gani kallon kura da akuya kake masa. Ka ji tsoron Allah, ɗan Yarabawa.”

“Ina ji, Baba. Shi ya sa nake jira ya mutu da kansa.”

A daminar 2005 wata iska ta karyo babban reshe, ya faɗo kan wata motar da aka ajiye, ya mai da ita faranti. Ba kowa a ciki. Amma mai motar yana da baki, bakin kuma yana da 'yan'uwa, kafin mako ya zagayo an kafa Kwamitin Gyaran Layi. Sakatarensa Cornelius, wanda Elias ya koyar a makarantar Lahadi a cocinsu na Samaru tun yana yawo da majina. Yanzu ya zama mai waya biyu da tumbi ɗaya. Shi ya tako har Bomo wata yamma da burodi a leda.

“Mama, sannu da gida. Baba, ina wuni?”

“Wa nake gani kamar Cornelius?” in ji Sarah. “Kai ne ka haɗiye tukunya haka?”

“Albarka ce, Mama.” Ya durƙusa iyakar yadda tumbin ya yarda. “Baba, duk faɗin Zariya ba wanda ya san itatuwan nan kamarka. Ka duba mana su, ka ware marasa lafiya a cire kafin su kashe wani. Masu lafiyar ma mu san su, don mu kula da su.”

Elias ya yi gyaran murya don kada a ga murnarsa. Shekara biyu da ritaya ba wanda ya tambaye shi ko ƙarfe nawa, yau ga kwamiti guda ya aiko masa. Ganin kitse ya yi wa rogo, amma wa zai gaya masa?

Kwana uku ya yi yana bugu yana saurare, wani itacen sai ya koma masa sau biyu don kada ya ɗauki alhakinsa. Sakamako ya fito: talatin da biyu garau, tara kuwa fanko, ɓawo ne kawai ke riƙe da su. A cikin taran har da na Akinola. Rana ta huɗu ya zo da bokiti da burushi da farar ƙasar da ya saya da kansa, ya tara Cornelius da Akinola ya yi musu bayani.

“Wanda kuka ga na sa wa farar safa, lafiyarsa lau, kada hannu ya taɓa shi. Wanda na bari haka nan, shi ne na sarewa.”

“Baba, ba ka juya abin ba kuwa?” in ji Akinola. “Ai wanda za a sare shi ake sa wa alama.”

“A wurin kafintoci. Mu a gandu ba haka aka koya mana ba. Farar ƙasa shaida ce cewa itace yana da mai shi. Wanda kwanansa ya ƙare kuwa ba a tona masa asiri a gaban jama'a, a bar shi da mutuncinsa.”

“Yadda Baba ya ce, haka za a yi,” in ji Cornelius, yana rubutu a ɗan littafinsa, fuskar nan kamar ta mai ba da shaida a coci. “Aikin ma sai ruwa ya ɗauke.”

Wuni biyu Elias ya yi yana shafe, daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum, duk layin na kallonsa. Da ya gama ya ja da baya ya duba. Ga su nan jere kamar 'yan mawaƙa ranar Ista. Ya koma gida da farar ƙasa har a gira, yana ba Sarah labari.

“Baban Japheth,” ta ce, ba ta ko ɗago daga tsinken da take yi wa shinkafa ba, “ni dai a kasuwar Samaru, kazar da ta fi ƙiba ita ake ɗagawa sama a nuna wa mai saye.”

“Ke me kika sani game da itace, ban da hura shi?”

“Itace ban sani ba. Mutane na sani.”

A makon ne aka aiko cewa yayansa ya rasu a ƙauye. Suka tafi jana'iza, da zaman makoki da rabon faɗan dangi suka yi kwana tara. Washegarin dawowarsu ya hau keke. Ya wuce Palladan, ya wuce PZ, ya karya kwanar bayan kasuwa, sai ya ga sama. Shekara ashirin rabon da a ga sama daga wannan kwanar. Ya zaci ya ɓata hanya, har ya sa ƙafa ƙasa zai juya. Sannan idonsa ya sauka. Kututture talatin da biyu, hagu da dama, kowanne sanye da farar safarsa. A tsakaninsu tara na tsaye, nesa da juna, kamar haƙoran tsohuwa.

Akinola ne ya zo ya riƙe masa keken.

“Kwana biyu da tafiyarka suka zo, Baba. Injin yanka itace uku, manyan motoci biyu. Na yi ihu har muryata ta dushe. Cornelius ya hau benci ya ce wa jama'a Baba Elias da kansa ya sa wa na sarewa alama, ko akwai wanda bai gan shi da burushi ba? Kowa ya gan ka. Ni kuwa kafinta ne, aka ce baƙin ciki nake don ba a ba ni katakon ba.”

Elias ya tsuguna ya shafa kututturen da ke kusa da shi.

“Mai injin ma ya bar maka saƙo. Wai tunda yake aiki bai taɓa jin daɗi irin na nan ba, ko guda bai fasa ya tarar da kogo ba. Ya ce a gaishe da tsohon da ya yi zaɓen.”

Ofishin kwamiti wani shago ne mai fanka da kalanda. Cornelius ya miƙe tsaye ya kawo kujera, ladabi dai ba a cewa komai.

“Baba, ci gaba ne ya zo. Za a fitar da shaguna gaba, a kafa fitilu. Itatuwan nan sun tsufa.”

“Ni ma na tsufa. Ina injin naka?”

“Haba Baba. Za mu dasa sababbi, kai ne ma babban baƙo.”

“Taran da na ce a cire fa?”

Cornelius ya duba wayarsa ta hagu, ya duba ta dama, ba wadda ta yi masa rana ta yi ƙara. “Mai inji ya ce ba ya ƙona mansa a kan kogo.”

“In suka faɗo kan mutane?”

“Ubangiji zai kiyaye, Baba.”

“Ni na koya maka wannan. Ban dai tuna na ce ka bar masa aikinka ba.”

Dashen kuwa an yi shi, ba a yi ƙarya ba. A watan Nuwamba, ruwa ya ɗauke da wata guda, aka kafa rumfa da lasifika, aka binne furanni goma sha biyu, aka ɗauki hoto, aka sha lemo. Babban baƙo bai je ba. Awakin Sabon Gari ne suka halarta da yamma, suka kuma yaba ƙwarai.

Elias ya so ya wanke hannunsa daga layin, amma lissafin da ke kansa ya hana shi. Da, taran nan a tsakiyar 'yan'uwansu suke, iska sai ta gaji kafin ta iso gare su. Yanzu kowanne shi kaɗai zai tare ta, da cikinsa fanko. Abin da ya fi muni, da zafin Maris ya sauko, duk jama'ar da inuwa arba'in da ɗaya ke ɗauka a da suka dunƙule a ƙarƙashin tara. 'Yan acaɓa, teloli, masu katin waya, mata masu goyo, kowa na ture kowa a gindin abin da zai kashe shi. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana roƙo su matsa.

“Baba, ka sayar da talatin da biyu, yanzu sauran ma ka zo hana mu?” in ji wani ɗan acaɓa. “Ko an ba ka kafin alƙalami ne?”

Aka kwashe da dariya. Wata mai ƙosai da shi ya dasa itacen da uwarta ta yi sana'a a gindinsa ta juya masa ƙeya.

Hadarin farko ba ya wuce ƙarshen Afrilu. Elias ya ƙirga makonni a yatsu, ya koma shagon mai fanka ya nemi takardar izini. Cornelius ya sa hannu da sauri har biro na tsalle. Sannan tsohon ya nemo masu faskare huɗu a kan su kwashe itacen ya zama ladansu, ya aro igiyoyi, ya ɗauki gatarin Sarah.

“Ina za ka da shi?” ta tambaya.

“Jana'iza.”

Ta dube shi, ta shiga ɗaki ta ɗauko masa hularsa mai faɗi. Ba ta ce ai na gaya maka ba. A shekara talatin da bakwai na aurensu wannan ne karon farko, kuma ya fi masa zafi da ta faɗa.

Da rana tsaka aka yi aikin, a gaban kowa, kwana goma sha ɗaya. Shi yake nuna inda za a ɗaura igiya da gefen da itace zai kwanta, kuma kowanne shi yake fara kai masa sara, don ya ce ba zai bar baƙo ya fara ba. Ko kwanon rufi ɗaya ba su taɓa ba. Duk wanda ya faɗi sai ya dare, ga ciki baƙi, gara na zuba kamar gero. Elias yakan tsaya a kai ya ce, “Ku zo ku gani! Ku leƙa!” Wasu suka leƙa suka ce lallai kam. Amma ido ne ya ga kogo, ƙeya kuwa ita ke shan rana, kuma ƙeya ta fi ido riƙo. Ranar da na ƙarshe ya kwanta, wato na Akinola, wata mata ta tsaya tsakiyar layi ta ɗaga hannu ta ce, “Allah ya isa, Baba Gatari!” Kafin yamma sunan ya kai PZ.

Akinola ya leƙa cikin nasa ya girgiza kai. “Gado uku da kabad,” ya ce. “Ko akurkin kaji ba zai yi ba.”

Bayan mako guda hadarin ya zo, da iskar da ta yaye rufin gidaje ta kai kwano har layi na uku. A Layin Maɗatai ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Ba wanda ya zo Bomo ya ce sannu. Gawar da ba a yi ba, ba a karɓar gaisuwarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi: shaguna suka fito gaba, aka yi musu fenti, aka rubuta sunayen 'yan kwamiti a wani allo a bakin layi, daidai inda kututturen farko yake.

A bikin godiyar kaka na wannan shekarar, fasto ya sanar cewa ɗan'uwa Cornelius ya ba coci kyautar sababbin bencina goma sha biyu. Aka yi guɗa. Aka ce dattawa su fara zama, Baba Elias a gaba. Ja ne katakon, mai nauyi, yana ƙamshin sabon fenti. Ya zauna, hannunsa kuma ya yi abin da ya saba ba tare da ya aike shi ba. Ya lanƙwasa yatsa ya buga sau uku.

Dim.

Ya shafa ƙarƙashin bencin, ya ji yadda aka haɗa ƙafar ba ƙusa. Mutum ɗaya ya sani mai irin wannan haɗin. Ya miƙe a hankali ya koma bakin ƙofa, a tsaye ya ƙarasa sujada.

Ranar Litinin ya tarar da Akinola a ƙarƙashin wata rumfar kwano, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

“Aikinka ya yi kyau, ɗan Yarabawa.”

Akinola ya ajiye abin gogewa. Yau ba wasa a bakinsa. “An kawo mini katako, Baba. In ban yi ba wani zai yi, ya ɓata shi da ƙusa. Na ce gara ni.”

“Na ƙofar telan nan ne, mai reshe biyu?”

“Shi ne, da na kusa da shi.”

“Na san za su yi kyau,” in ji Elias. “Ni na zaɓe su.”

Tun daga ranar, kowace Lahadi da 'yar kujerarsa ta tsugunno yake zuwa coci, ɗaure a bayan keke, ya zauna a bakin ƙofa. Fasto ya yi magana, dattawa suka yi, Cornelius ma ya zo har ƙasa ya ce Baba ya dawo gaba, wurinsa na nan. Elias ya ce ya gode, ƙashinsa ne bai saba da zama a kan 'ya'yansa ba.

Har yanzu akan samu wanda ya ji labarin sandar, ya zo Bomo ya ce Baba ya taimaka ya duba masa mangwaron tsakar gida ko darbejiyar ƙofar shago, a san mai lafiya da marar lafiya. Sai tsohon ya kara hannu a kunne ya ce, “Na'am? Ɗaga murya, yaro. Kunnen ya mutu.” Baƙo ya yi ta ihu har ya gaji ya tafi. Sarah na gefe tana iza wuta, ba ta cewa uffan, ko da yake ta san mijinta yana jin faɗuwar allura a ɗakin maƙwabta. Sandar kanyar kuwa ita ta san inda ta shiga, don ranar da ya miƙa mata ita wake take dafawa, kuma ya nuna da wuri.